Shafin da Ya Kusa Cinye Gidan Malam Hudu

Ko ku yarda ko ku ce tsufa ya fara taɓa ni, takarda guda ɗaya tal ta kusa rushe gida mai ɗaki biyar da shagon kafinta a Rigasa. Ba katafila ba, ba ruwan sama ba, takarda, irin wadda ake naɗe ƙosai a ciki. Kuma wannan hannun da kuke gani riƙe da kofin shayi shi ya kwafo ta. Kai mai murmushi can baya, kife wayar nan a kan tebur, ba za ta gudu ba.

Sunana Bala. Ni ba lauya ba ne, ban taɓa ɗora hular gashin nan a kaina ba, kuma da zafin Kaduna ban yi asarar komai ba. Aikina kula da laburaren wannan ofis na Hajiya Barista a nan Unguwar Dosa, shekara talatin da 'yan kai. Duk shekara ana turo mana irinku, ɗaliban lauya, ku zauna koyon aiki na 'yan makonni. Duk shekara kuma kallo ɗaya ake yi mini: a dubi kantocin littattafai, a dube ni, a ce a zuci wannan ai maigadin takardu ne. Binciken doka a wurinku danna waya ne, kafin shayi ya huce an samu amsa. To ku gyara zama.

Ranar da na fara aiki, Baba Danladi ne ya karɓe ni. Mutumin kudancin jihar nan ne, yana ofis ɗin tun zamanin mahaifin Hajiya, wanda ya kafa shi. Bai tambaye ni takardar makaranta ba. Ya ajiye mini almakashi, kwalbar gam, da fensir biyu, baƙi da ja. Ya hango biro a aljihuna, ya zare ya jefa a durowa, ya ce, "Bala, doka ta fi mai sayen atamfa canza ra'ayi. Ba a rubuta mata da abin da ba ya gogewa." Aikina na farko, gwamnati ta gyara sashe ɗaya a dokar haya, an bugo gyaran. Aka ce in yanko sabon sashen in manna a kan tsohon a cikin littafinmu. Na shafa gam ta kowane gefe, na danne da tafin hannu, na kai masa ina jiran yabo. Ya sa farce zai ɗaga, abu ya ƙi. Ya ce, "To mutumin da rigimarsa ta faru bara, kafin gyaran, da wace doka za a yi masa shari'a? Ka binne ta." Ashe ta sama kawai ake sa gam, takardar ta zama kamar labule, in ka ɗaga ka ga tsohuwar doka a ƙasa. Yini guda na yi a kan tururin buta ina ɓamɓaro abin da na manna cikin minti biyu.

Jan fensirin kuwa shi ne sarki. Duk mako littafin hukunce-hukuncen manyan kotuna yana zuwa, mu zauna mu karanta shi daga bango har bango. In babbar kotu ta ce wani tsohon hukunci kuskure ne, sai in hau tsani, in sauko da tsohon littafin, in rubuta da ja a gefensa: ya rasu, a duba littafi kaza shafi kaza. Jana'izar da na yi wa hukunci a ɗakin nan, limamin unguwarmu bai yi rabinta ba. Sannan akwai aikin jan fensirin na biyu, shi nake so ku riƙe. A kotun ƙoli alƙalai biyar ke zama, wani lokaci bakwai, kuma ba kullum bakinsu ke zama ɗaya ba. Huɗu su ce gabas, ɗaya ya ce yamma. Na huɗun shi ne hukunci. Na ɗayan ana buga shi can ƙarshe, amma ra'ayinsa ne kawai, ba ya ɗaure kowa. Abin haushin, shi wanda aka kayar ɗin ya fi kowa iya rubutu, don ransa a ɓace yake. To duk shafin da ke ɗauke da maganar irin wannan alƙali, Baba Danladi yakan ja masa jan layi a gefe daga sama har ƙasa. Ya ce ja na nufin ka karanta ka ji daɗi, amma kada ka ɗora masa kaya.

Sai katuna. Akwatin takalmi shida cike da ƙananan katuna, kowanne da tambaya ɗaya a samansa da Hausar kasuwa: mai haya ya ƙi fita, an sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, mota ta kaɗe saniya, laifin wa. A ƙasa sunan doka, sannan shari'o'in da suka yi magana a kai, da littafi da shafi. Lauya zai shigo da gudu yana zuba Turanci kamar famfon da ya fashe, Baba Danladi ya bar shi ya gama, ya ce, "Yallaɓai, faɗa mini yadda za ka faɗa wa mai shayin bakin titi." In ya kasa, tsani ba zai motsa ba. Haka nake yi har gobe. Ka san tambayarka tukuna, ka fara da dokar kanta, ka duba ko an gyara ta, sannan ka je ga abin da alƙalai suka ce. Ku kuwa ta wutsiya kuke farawa, ku samo magana mai daɗi, sannan ku nemi rigimar da za ku liƙa mata.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini shari'a daga irin manhajar nan da ake tambaya tana amsawa kamar mutum. Suna mai kyau, shekara, littafi, shafi, komai tsaf, kuma ta yi daidai da aikin da aka ba shi kamar tela ya auna. Na hau tsani na buɗe shafin. Rigimar jirgin ruwa na tarar, shi kuma maganar gona yake nema. Na duba gaba, na duba baya, babu ita, ba a taɓa yin ta ba a duniya. Ya ce wataƙila littafina ne ya yi kuskure. Na ce haka ne, wataƙila alƙalan ma sun yi ta sun manta. Ban hana ku waya ba, tana nuna hanya da sauri. Amma abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka daga farko har alƙali na ƙarshe ba, ba ka da shi. Ina ɗaga murya a nan ne don ni da kaina na karya wannan ƙa'ida, kuma babu waya a hannuna a lokacin.

Shekarar da iska ta ɗauke rufin ofis ɗin nan, Baba Danladi ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu. Ranar Asabar ce da la'asar, farkon damina, babu kowa. Kwanon ya tashi ya sauka gidan maƙwabta, ruwa ya kwana biyu yana karatu a laburarenmu. Da na buɗe ƙofa ranar Litinin, kanta uku na tsofaffin littattafai sun zama tuwo. Wasu na shanya a tsakar gida ina juya su kamar kilishi, suka bushe suka kumbura, kowanne ya koma ƙaton biredi. Wasu ba su tashi ba. Katunan dai sun tsira, suna cikin durowar ƙarfe. Halin sayen sababbin littattafai babu, gyaran rufi ya cinye komai. Sai na yi dabara, dabarar da na shekara goma ina yi wa kaina kirari a kanta. Na ɗauki katunan, na hau babur, na bi laburaren kotu da ofisoshin lauyoyin da muke mutunci da su, duk shafin da kati ya ambata in kwafo shi a injin fotokofi. Ba shari'ar gaba ɗaya ba, wadda takan kai shafi arba'in, shafin da naman yake kawai. In rubuta littafi da shafi a bayansa, in jera. Cikin wata huɗu na tara abin da ofis ya koma kira akwatin Malam Bala. Har daga wasu ofisoshi ake zuwa aro. Abin da ya fito daga akwatin nan ba a yi masa tambaya, ni ma da na tara shi ba na yi.

Maganar Malam Hudu ta zo shekara goma sha ɗaya bayan haka. Kafinta ne a Rigasa, Bakano, ni kuwa Bazazzagi, don haka tun ranar farko ba mu gaisa cikin mutunci ba. Ya sayi fili tun wajen yana gonaki, a hannun wani da ya ce nasa ne. Ya gina ɗaki ɗaya-ɗaya har biyar, shago a gaba, 'ya'ya tara a ciki. Bayan shekara ashirin da wani abu, wani maƙwabcinsa ya rasu, 'ya'yan suka buɗe akwatin uban suka ga takardar da ta nuna filin nasa ne, wanda ya sayar ɗin ba shi da ko taku ɗaya a wurin. Takardar kuma ta gaskiya ce. Suka kai ƙara babbar kotu, suna so Malam Hudu ya tashi. Abin da muke riƙe da shi ɗaya ne: uban nasu yana raye aka yi ginin, ƙofarsa na kallon ta Malam Hudu, bai taɓa cewa uffan ba. Ƙyauren ɗakinsa ma Malam Hudu ne ya yi masa, a shagon da ke kan filin.

An gama jin shaidu, saura jawabin ƙarshe a rubuce, inda lauya ke jera hujjojinsa na doka. Litinin ce ranar ƙarshe ta shigar da shi. Ranar Laraba Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam Bala, me akwati ya ce kan mai filin da ya yi shiru ana gini?" Ban yi minti ɗaya ba na zaro mata shafin. Magana ce kamar zuma. Alƙalin kotun ƙoli ne yake cewa wanda ya naɗe hannu yana kallo wani na zuba guminsa a fili, ba shi da bakin dawowa ya ce nawa ne bayan an ɗora rufi. Hajiya ta karanta ta ce kamar don Malam Hudu aka rubuta. Ta gina jawabin kacokan a kansa, ta miƙa wa ɗalibar da ke koyon aiki a lokacin ta duba lambobin shafi da kurakuran bugu, ita kuma ta wuce Abuja wata shari'ar, sai Asabar.

Ɗalibar sunanta Sa'adatu, daga Mando take zuwa, 'yar wani tsohon soja. Ba ta da surutu. Tana da ɗan littafi da take rubuta duk inda ta duba, har wurin da ba ta samu komai ba, wai don kada ta nemi abu sau biyu. Ina kiranta Mai Shari'a don tsokana. Ranar Alhamis da safe ta tsaya a gaban teburina da shafin.

"Baba Bala, ina sauran?"

"Sauran me, Mai Shari'a?"

"Shari'ar. A bayan takardar ka rubuta inda ta fara. Wannan shafi talatin ne bayan farkon. Me aka ce a talatin ɗin?"

"Gaisuwa da tarihin rigima. Na cire miki ƙashi na ba ki tsoka, kina tambayar ƙaho."

"Duba layin ƙarshe."

Na sa tabarau na duba. Layin ya yanke a tsakiya, ƙarshensa ya tafi shafi na gaba da ban kwafo ba. Abin da ke wurin cewa yake: saboda haka, duk da matuƙar girman da nake ba 'yan'uwana masu shari'a. Shi ke nan, sai farar takarda.

Na ce, "Ladabi ne. Alƙalan da suna da tarbiyya, ba kamar 'yan yanzu ba."

Ta ce, "Baba, a gidanmu in babana ya fara magana da duk da girman da nake ba ka, baƙon ba ya ƙarasa shan ruwansa."

Na yi mata bayani cewa takardar nan ta girmi wayarta, kuma lauyoyin da suka aro ta yanzu wasunsu da tumbi da mota biyu. Ta saurara har na gama. Ta ce ta duba a waya, shari'ar ta tsufa, sunanta kawai ta samu da layi biyu. Ta ce Hajiya ta umarce ta ta sa alama a duk abin da ta duba, wannan kuma ba ta duba ba, gutsurensa ta gani. Ba za ta sa ba. Na ce to ai sai mu je mu nemo miki littafin ki ji kunya a gaban jama'a.

Namu na cikin waɗanda suka zama tuwo. Ita ta shiga keke napep, ni a baya kan babur ina yi mata wa'azi duk lokacin da muka tsaya a danja. Laburaren kotu muka fara. Mai kula da wurin ta duba ta ce wani alƙali ya aika an ɗauka, kuma ba ita za ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce dawo da shi ba. Ofis na biyu suna da littafin da ke gabansa da wanda ke bayansa, shi kuma wurinsa giɓi kamar haƙorin tsohuwa. Na uku sun ce su sun waye, sun sayar da tsofaffin littattafai sun sa kujerun baƙi. Alhamis ta tafi. Ranar Juma'a da hantsi na tuna wani tsohon lauya a Malali da ya daina zuwa kotu, littattafansa na gareji tare da kajin matarsa. Ya ba mu makulli ya ce in mun ga ƙwai mu kawo masa.

A tsaye muka karanta, ita riƙe da littafin, ni ina leƙe ta gefe. Alƙali na farko ya yi shafi ashirin, ƙarshensa: mai gini ya faɗi, ya tashi daga filin. Na biyu, na yarda. Na uku, na yarda. Na huɗu, ba ni da abin ƙarawa. Sai na biyar, da zumarsa, shafina. Muka juya takarda, layin da ya yanke ya ƙarasa kansa: duk da matuƙar girman da nake ba 'yan'uwana masu shari'a, ban yarda da su ba.

Na kalli gefen shafin. Fari tas. A nan na gane abin da na yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Littattafan mutane ba su san Baba Danladi ba. A namu, shafin nan yana da jan layi daga sama har ƙasa, shi ya sa bai damu ya rubuta gargaɗi a kati ba. Ni kuma idona ya saba, in babu ja, lafiya lau ne. Na je laburaren wani, na buɗe shafin da kati ya ce, ban ga ja ba, na ɗora a inji na kama gabana. Jan fensirin da ya koya mini aiki shi ya ɗauke mini aikin dubawa.

Lauyan ɗaya ɓangaren wani dattijo ne da ke karanta har sunan maɗaba'a a bayan littafi. Da jawabin nan ya shiga yadda yake, zai miƙe a hankali ya ce, ya mai shari'a, a taimaka a koma baya shafi talatin. Da hannunmu za mu kawo masa hukuncin da ya ce mai gini ya tashi, mu sa masa a baki. Malam Hudu da injin yankan katako da 'ya'ya tara sai titi.

Na ce, "Rufe mu tafi, in kira Hajiya in gaya mata ta fara neman wani maigadin."

Sa'adatu ta jawo wata jarka ta zauna. Ta ce, "Baba, ba mu karanta ba tukuna, ƙarshe kawai muka leƙa. Me ya sa huɗun suka kayar da shi?"

Ka ji fa, 'yar da na girmi ubanta tana mayar mini da karatuna. Na jawo tayar mota na zauna, kaji na zagaya mu, muka koma shafi na farko, gaisuwa da tarihin rigimar da na raina. A shafi na tara muka ga abin. Wancan mai ginin tun yana harsashi mai filin ya aika masa takardar gargaɗi, sau biyu, ya yi kunnen ƙashi ya ci gaba. A kan haka huɗun suka tsaya. Na farkon ma ya faɗa da bakinsa cewa da mai filin shiru ya yi, da maganar ta sha bamban. Malam Hudu kuwa ba wanda ya taɓa aika masa ko gaisuwar banza, sai odar ƙyaure.

Sannan ta ce mu duba inda alƙali na biyar ya samo ƙarfin gwiwarsa. Wannan dabara ce da ya kamata ku rubuta. Maganar wanda aka kayar ba hujja ba ce, amma yakan jero tsofaffin shari'o'in da ya dogara da su, kuma su ba a kayar da su tare da shi ba. Uku ya ambata. Muka tono su daga ƙarƙashin kwandon kaji. Ta farko maganar haya ce, ba ruwanmu. Ta biyu ta yi kyau, amma da Sa'adatu ta sa sunanta a waya don ta ga su wa suka ambace ta daga baya, sai ga wata kotun ta yi mata jana'iza tuni. Kun ga inda waya ke da amfani. Ta uku kuwa, mai fili ne da ke zaune tsallaken hanya, yana kallo ana gini shekara da shekaru, magadansa suka taso daga baya. Alƙalai biyar, baki ɗaya, suka ce sun makara. Na ƙirga su da yatsa sau uku. Sa'adatu ta bi sawunta a waya, tana nan da ranta, har an sake bin ta 'yan shekarun baya. Muka kwafo shari'o'in biyu, ita da wadda muka zo nema, gaba ɗaya, har da farin shafin da ba komai a kai. Na samu sallar Juma'a a sahun da ke bakin kwata, kuma ban taɓa jin daɗin zama kusa da kwata irin na ranar ba.

Ranar Asabar na tsara yadda zan faɗa wa Hajiya ta hanyar da za a ga kamar ni na gano. Na shiga na fara, "Ranki ya daɗe, cikin binciken da muka zurfafa..." Ta cire tabarau ta kalle ni. Na faɗi gaskiya. Ta karanta duka biyun, sannan ta tambaye ni takarda nawa ne a akwatin. Na ce suna da yawa. Ta ce, "To kai da su, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ka nemo uwarta." Wata biyar na yi a kan aikin nan, na kuma kamo wasu biyu masu irin wannan ciwo. Ita kuma ta sake jawabin cikin kwana biyu. Ba ta ɓoye shari'ar da ta kusa kashe mu ba. Ita ta fara kawowa da kanta, ta ce ga hukuncin da ya yi kama da yana gāba da mu, ga shafi na tara, ga bambancin. Sannan ta ɗora ta ukun nan a kai. Litinin kafin azahar aka buga masa hatimi.

Ranar da lauyoyi suka je kare jawabansu, dattijon ya shigo da littafin nan a hammata, da 'yar takarda a tsakiya. Ashe shi ma can ya nufa. Ya miƙe ya karanta hukuncin huɗun da murya mai daɗi. Alƙali ya ce ya gani, an riga an kawo masa, me zai ce game da shafi na tara? Dattijo ya juya takarda, ya gyara riga, ya yi 'yar magana kan wani abu daban, ya zauna. Bayan wata biyu aka yanke hukunci, aka kori ƙarar. Gida na Malam Hudu ne. Ya fito harabar kotu ya zauna a kan dakalin fulawa, ya cire hula, ya yi ta shafa kai yana hamdala. Ni kuwa na sha ruwan leda uku a jere, ban san ina jin ƙishi ba.

Bayan mako guda sai ga shi a ƙofar ofis da keke napep, an ɗauro kujera a sama. Kujerar karatu ce ta maɗaci, da hannu mai faɗi inda za a ɗora littafi, an goge ta tana ƙyalli. Sa'adatu ta gama zamanta da mu, amma Hajiya ta kira ta ta zo. Ashe Hajiya ta ba shi labarin garejin kaji tun daga farko, ba ta rage komai ba. Ya sauke kujerar a gabanta ya ce, "'Yata, ga ta, Allah ya sa ki zauna a wadda ta fi ta." Ita sai sunkuyar da kai take yi tana godiya.

Na ga ana rabon yabo ba a ko kallon inda nake, na ce, "Kai Bakano, ina tawa? In ba don takardata ba, wa zai je garejin nan har a samo abin da ya cece ka?"

Ya gyara hula, ya dube ni sama da ƙasa kamar yana auna katako.

"Taka tana shago, Malam Bala. Ƙafa ɗaya na yi mata, amma ita ce mafi kyau a cikin huɗun. Ka zo ka zauna a kai mu gani."